Fataucin rana da iska: a tura ta waya, a loda a jirgi, ko a narka ta cikin ƙarfe?

Duk ƙasar da Allah ya hore wa rana mai ƙarfi, ko iskar da ba ta gajiya, ko kogin da ke gangarowa daga kan tsaunuka, a 'yan shekarun nan ba ta rasa baƙi masu ɗauke da taswira. Wannan ya ce a shimfiɗa waya ta ƙarƙashin teku a tura lantarki. Wancan ya ce a'a, a mayar da wutar ta zama iskar haidurojin a loda a jirgin ruwa. Na uku ya ce a kafa masana'anta ta cinye wutar a gida, a fitar da abin da aka ƙera. Kowannensu riƙe yake da lissafin da ke nuna nasa ne daidai, kuma kowace hanya tana cin biliyoyin daloli da alkawarin shekara ashirin ko talatin. Gwamnatin da ta sa hannu ba lallai ne ta ga ƙarshen bashin ba.

Kafin a auna hanyoyin nan, akwai abin da masu taswirar ba su cika faɗa ba: rana ba fetur ba ce. Jafan ba ta da rijiyar mai ta a zo a gani, don haka ko ta ƙi ko ta so sai ta saya daga waje, komai tsadarsa. Amma Jamus tana da rana, duk da hazonta da sanyinta. Faifan sola mai ƙarfin kilowat ɗaya yana ba da kimanin yunit 1,000 a shekara a Jamus (yunit shi ne kilowat ɗaya na tsawon awa guda). Faifan nan dai, idan aka kafa shi a kudancin Maroko ko hamadar Atakama ta Cile, zai ba da kusan ninki biyu. Ninki biyu, ba ninki ɗari ba. Duk ribar wannan fatauci a cikin wannan 'yar tazara take. Idan kuɗin dako ya cinye tazarar, mai saye zai kafa nasa faifan a kan rufinsa ya huta. Sau da yawa a wannan harka rijiya tana bayarwa, guga ne ke hanawa.

Waya

A fannin asara a hanya, babu abin da ya kama ƙafar waya. Manyan layukan da ke ɗaukar lantarki zuwa nesa, irin waɗanda injiniyoyi ke kira HVDC, suna zubar da kusan kashi 3 cikin ɗari a kowane kilomita 1,000, sai ɗan abin da tashoshin sauya wutar ke ci a farko da ƙarshen layi. Ka tura yunit 100 zuwa nisan kilomita 1,000, kusan 95 za su isa. Kuma abin ya wuce gwaji. Layin da ya haɗa Norwe da Ingila, mai tsawon kilomita 720 da ƙarfin megawat 1,400 (megawat ɗaya kilowat dubu ne), ya fara aiki a Oktoban 2021. Wanda ya haɗa Denmak da Ingila, kilomita 765, ya biyo baya a ƙarshen 2023. Habasha ta fara tura wa Kenya wutar madatsun ruwanta a ƙarshen 2022 ta layin da ya haura kilomita 1,000, wanda aka gina don ya iya ɗaukar megawat 2,000, ko da yake cinikin da megawat 200 ya soma. A cikin gida kuwa, Sin ta gina layin Changji zuwa Guquan mai tsawon sama da kilomita 3,000, mai ɗaukar megawat 12,000.

Wayar da ta fi kowace riba ita ce mai zuwa da dawowa. Denmak da Norwe sun daɗe a kan haka, tun shekarun 1970. Ranar da iska ta kaɗa sosai a Denmak wuta ta yi araha, sai Norwe ta saya, ta rufe bakin madatsunta ta adana ruwa. Ranar da iska ta kwanta, sai ta buɗe ta sayar musu. Kowa ya ci riba, domin abin da ake cinikinsa a nan bambancin lokaci ne: yanayinka da na maƙwabcinka ba sa lalacewa rana ɗaya. Madatsar ruwa ta fi faifan sola daraja a irin wannan ciniki, don ana iya ce mata tsaya ta tsaya. Shi ya sa kusan duk ƙasashen da suka mayar da sayar da wuta sana'a, Faraguwe da Butan da Lawos, wutar madatsun ruwa suke sayarwa.

To amma waya auren zobe ce. Bakinta biyu ne kawai, kuma ba a ɗaga ta a kai wa wani mai saye idan na farko ya yi tauri. Faraguwe ta san wannan. Yarjejeniyar 1973 ta madatsar Itaipu, mai ƙarfin megawat 14,000, ta raba wutar biyu daidai tsakaninta da Birazil, amma ta ce duk abin da Faraguwe ba ta sha ba, Birazil kaɗai za ta miƙa wa. Shekara da shekaru 'yan Faraguwe na kukan cewa ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba, sai a 2009 shugabannin ƙasashen biyu, Lula da Lugo, suka amince a ninka kuɗin sau uku. Mozambik kuwa wata fuskar matsalar ta gani. Layin da ke kai wutar madatsar Kahora Basa zuwa Afirka ta Kudu, mai tsawon kimanin kilomita 1,400, 'yan tawaye suka dinga kayar da turakunsa lokacin yaƙin basasa a shekarun 1980. Madatsar tana tsaye lafiya lau, ruwa na zuba, amma ba ciniki, har ƙarshen shekarun 1990. Ta ƙarƙashin teku ma ba ta tsira ba: ranar 25 ga Disambar 2024 layin EstLink 2 tsakanin Finlan da Estoniya ya katse, hukumomin Finlan suka tsare wani jirgin dakon mai bisa zargin ƙarfen tsayuwarsa ne ya ja wayar, gyaran kuma ya ci kusan wata shida.

Akwai kuma abin da ke faruwa a gidan mai sayarwa, wanda 'yan siyasa suka fi tsoro. Waya tana fitar da wuta, tana shigo da farashin maƙwabci. Mutanen kudancin Norwe sun saba da wuta mai arha tun kakanni. Da aka buɗe sababbin layuka zuwa Jamus da Ingila a 2021, sai ga rikicin gas na Turai, kuɗin wutarsu ya yi tashin gwauron zabo, alhali madatsun nasu ne, ruwan ma nasu ne. Baitulmali ya cika, masu gidaje suka fusata. A Maris na 2023 gwamnatin Norwe ta ƙi ba da izinin wani sabon layi zuwa Sikotlan. Ƙasar da yawancin mutanenta ke da wadata ke nan. Ina ga wadda rabin jama'arta ba su da wuta, suna kallon turaku na wucewa ta kan gonakinsu zuwa wata ƙasa?

Sai batun nisa. A takarda, layin kilomita 4,000 yana yiwuwa, asararsa ma ba za ta wuce kashi 15 cikin ɗari da yawa ba. A zahiri, manyan mafarkai uku duk sun yi tuntuɓe. Shirin Desertec na 2009, na haskaka Turai da ranar Sahara, yawancin kamfanonin da suka kafa shi sun watse kafin ƙarshen 2014, kuma ɗaya daga dalilan shi ne faifan sola ya yi arhar da Turawa suka ga gara su kafa a gida. Kamfanin Sun Cable, mai niyyar haɗa arewacin Ostireliya da Singafo da waya mai tsawon sama da kilomita 4,000, ya shiga hannun masu sasanta bashi a Janairun 2023 bayan saɓani tsakanin attajirai biyu da ke ɗaukar nauyinsa, kafin ɗaya daga cikinsu ya karɓe shi. Shirin Xlinks na kai megawat 3,600 daga Maroko zuwa Ingila kuwa, a Yunin 2025 gwamnatin Birtaniya ta ce ba za ta ba shi tabbacin farashi ba, ta fi son wutar da aka samar a gida. A dukkansu ba fasaha ce ta gaza ba. Galibi mai saye ne ya ƙi ɗaura wani babban kaso na wutarsa a kan igiya guda da ta ratsa ruwan ƙasashe da yawa. Ni ma da ni ne, zan yi jinkirin.

Haidurojin

Wannan ita ce hanyar da ta fi jan hankali a taruka, domin ta yi kama da abin da aka sani: a cika jirgi, a kai wa wanda ya fi biya, kamar fetur da gas. Ana sa lantarki a cikin ruwa ya raba shi gida biyu, a kwashe haidurojin. Kilo ɗaya yana cin yunit 50 zuwa 55 na wuta, amma ƙarfin da ke cikinsa yunit 33 ne da ɗan ɗoriya. Wato tun kayan ba su bar masana'anta ba, sulusi ya tafi.

Sannan a zo ga loda shi. Haidurojin shi ne mafi rashin nauyi a cikin dukkan iskoki. Kafin ya zama ruwa-ruwa sai an sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili, aikin da ke cin kusan wani sulusin na ƙarfin da ke cikinsa. Ko bayan haka, tanki guda na haidurojin bai kai rabin ƙarfin da tanki mai girmansa na gas mai ruwa-ruwa ke ɗauka ba. Jirgin farko da aka ƙera don wannan aiki, Suiso Frontier na kamfanin Kawasaki, ya kai kaya daga Ostireliya zuwa birnin Kobe na Jafan a farkon 2022. Tankinsa mita 1,250 ne a ma'aunin ciki, abin da bai kai tan 90 ba, yayin da jirgin gas na yau da kullum ke ɗaukar sama da mita 170,000. Abin dariyar ma shi ne shirin da aka ƙera jirgin dominsa na fitar da haidurojin ne daga kwal, ba daga rana ba.

Tarayyar Turai ta sa wa kanta burin shigo da tan miliyan 10 na tsabtataccen haidurojin nan da 2030, a shirinta na 2022. A 2024 masu binciken kuɗi na Tarayyar da kansu suka ce burin ba a kan lissafi mai ƙwari aka gina shi ba. Duniya tana amfani da kusan tan miliyan 100 na haidurojin a shekara, a matatun mai da masana'antun taki, amma wanda ake yi ba tare da hayaƙi mai yawa ba bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Takardun fahimtar juna kuwa sun cika akwatuna. Yawancinsu sayen kifi ne a ruwa: ba farashi, ba ranar kawo kaya, ba tara ga wanda ya fasa.

Bututu ya fi jirgi sauƙi nesa ba kusa ba, idan nisan bai wuce kilomita dubu ɗaya ko biyu ba kuma kayan suna da yawa. Sai dai bututu waya ce a wata kama, da duk larurar auren zobenta. Ko shi ma bai samu masu saye yadda aka zata ba, domin a 2024 kamfanin Equinor ya jingine shirin bututun haidurojin daga Norwe zuwa Jamus saboda tsada da ƙarancin masu buƙata.

Amoniya, amma don me?

Ganin wahalar haidurojin tsura, kusan duk masu shirin fitarwa sun koma ga amoniya: a haɗa haidurojin da naitirojin na cikin iska, ta hanyar da aka sani tun 1913. Amoniya tana zama ruwa-ruwa a digiri 33 kawai ƙasa da sifili. Duniya na yin kimanin tan miliyan 180 a shekara, kusan kashi ɗaya cikin goma na ratsa teku, don haka jirage da tashoshi da ma'aikatan da suka san hatsarinta (guba ce, tana kisa idan ta tsiyaya) duk akwai su. Yin ta da wutar ruwa ma ba sabon abu ba ne. Norwe ta yi haka tun ƙarshen shekarun 1920, Masar ta yi a Aswan daga 1960, kafin arhar gas ta kori wannan hanya.

A nan ne ya kamata mai zaɓe ya tsaya ya yi tambaya ɗaya: idan amoniyar ta isa, me za a yi da ita? Tan ɗaya yana cin kusan yunit 10,000 na wuta, ƙarfin da ke cikinsa kuwa yunit 5,200 ne. Idan ƙona ta za a yi a tashar lantarki, kamar yadda kamfanin JERA na Jafan ya gwada a tashar kwal ta Hekinan a 2024, inda amoniya ta maye kashi 20 cikin ɗari na kwal, to daga yunit 100 da aka fara da su, abin da zai dawo a matsayin wuta bai fi 20 zuwa 30 ba. Tuna fa tazarar rana ninki biyu ce kawai. Ka samu ninki biyu, ka zubar da kashi uku cikin huɗu a hanya: ɗibar ruwa da kwando ke nan. Sai dai ga ƙasa irin Jafan ko Koriya ta Kudu ko Singafo, mai ƙarancin fili, wadda teku ko siyasa suka raba ta da maƙwabta. Irin waɗannan za su iya biya, amma ba su da yawa, kuma duk masu sayarwa su suke hari.

Idan kuwa taki za a yi da ita, lissafin ya canza gaba ɗaya. Ba a mayar da ita wuta, ba asara ta biyu. Kayan da aka loda shi ne kayan da ake so, kuma kasuwarsa ta shekara ɗari tana ci. Abin da ya rage shi ne farashi. A gwanjon da Jamus ta yi ta tsarin H2Global, wanda aka sanar da sakamakonsa a Yulin 2024, kamfanin Fertiglobe ya ci da amoniyar da za a yi a Masar, a kan kusan Yuro 1,000 kowane tan idan an sauke a Turai, kimanin ninki biyu na amoniyar gas a lokacin. Gwamnatin Jamus ce ke cike giɓin. Aikin NEOM na Saudiyya, na dala biliyan 8.4, mai megawat 4,000 na rana da iska da niyyar fitar da tan miliyan 1.2 a shekara, ya samu bashin bankuna ne a 2023 don dalili guda: kamfanin Air Products ya ɗauki alkawarin saye duka har shekara 30. Shirin Hyphen na Namibiya yana da rana da iskar da ba su gaza na Saudiyya ba, amma yarjejeniyarsa da kamfanin RWE na Jamus ta fahimtar juna ce kawai, kuma a 2025 RWE ya janye. Bambancin ayyukan biyu yana cikin takardar mai saye.

A cinye wutar a gida

Ƙasar Ayislan, mai mutane ƙasa da dubu ɗari huɗu, tana da ruwa da zafin ƙarƙashin ƙasa fiye da buƙatarta, amma tsibiri ce can tsakiyar teku. An yi shekaru ana zancen ja mata waya zuwa Birtaniya, har yau ba a ja ba. Abin da ta yi tun 1969 shi ne narkar da alminiyom, wato sanholo. Ba ta da ma'adininsa ko kaɗan. Jirage ne ke kawo garin daga nesa, a narka, a fitar. Masana'antu uku na wannan aiki suna shan kusan kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar.

Dalilin yana cikin lissafi. Kilo ɗaya na alminiyom yana cin kimanin yunit 14. Jirgi mai ɗauke da tan 50,000 yana ɗauke da aikin yunit miliyan 700, abin da layin Norwe zuwa Ingila zai yi mako uku yana turawa ba tsayawa kafin ya kai. Kuma sandar alminiyom ba ta tsiyaya, ba ta ƙonewa, ba ta buƙatar sanyi. A ajiye ta a fili shekara guda, tana nan yadda take. Idan mai saye na gabas ya yi tauri, a juya jirgi yamma.

Baƙin ƙarfe ne fagen da ya fi wannan girma. Harkar ƙarfe tana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, kuma mafi yawansa a mataki ɗaya ne, inda ake raba tama da iskar da ke manne da ita ta hanyar ƙona kwal. Haidurojin na iya yin wannan aiki. Kamfanoni uku na Siwidin sun nuna haka a shirin HYBRIT, har suka miƙa wa Volvo ƙarfen farko a 2021. Tan ɗaya na buƙatar haidurojin kilo 50 zuwa 60. To maimakon a kai tama Turai ko Jafan a jirgi ɗaya, a bi ta da haidurojin a wani jirgin mai tsadar gaske, me zai hana a haɗa su a inda tama da rana suke, a fitar da curin ƙarfe? Ana dakon irin wannan curi a teku tun da daɗewa. Ostireliya, Birazil, Moritaniya, Afirka ta Kudu, duk suna da tama da rana ko iska. Sai dai hanyar tana son tama mai kyau sosai, mai kusan kashi 67 cikin ɗari na ƙarfe, kuma yawancin ta yammacin Ostireliya ba ta kai ba sai an tace ta. A ɗaya ɓangaren, a Yunin 2025 kamfanin ArcelorMittal ya ƙi karɓar tallafin Yuro biliyan 1.3 daga Jamus don sauya masana'antunsa biyu zuwa wannan hanya, yana mai cewa tsadar makamashi a can ba za ta bari a ci riba ba. Labari ne mai ɗaci ga ma'aikatan Jamus, amma ƙofa ce ga masu rana. Harajin hayaƙi da Tarayyar Turai ta tsara a kan iyakokinta, wanda aka fara gwajinsa a Oktoban 2023 don ya fara cizo daga 2026, ya shafi ƙarfe da alminiyom da taki da siminti, wato kayan da ake zance a kansu daidai.

A ganina wannan hanya ta fi sauran ga ƙasar da ke nesa da manyan kasuwanni, amma ba ta rasa ƙaya. Katafariyar masana'anta guda ita ma mai saye ɗaya ce, sai dai a cikin gidanka take zaune. Masana'antar alminiyom ta Tiwai Point a Niyu Zilan tana shan kusan kashi 13 cikin ɗari na wutar ƙasar. Sau da dama masu ita suna barazanar rufewa idan ba a rage musu kuɗin wuta ba. A 2013 gwamnati ta ba su dalar Niyu Zilan miliyan 30, a 2020 suka sanar za su rufe, sai a 2024 aka ƙulla yarjejeniyar shekara 20. Ga kuma wata matsalar: tukunyar narka alminiyom ba ta jure ɗaukewar wuta. Awanni kaɗan ba wuta, ƙarfen ya daskare a ciki, an yi asarar tukunyar. Madatsar ruwa ta dace da ita. Rana da iska kaɗai ba su dace ba sai da batura masu yawa ko wata wutar ta tallafa, kuma wannan ƙarin kuɗi ne da masu taswira kan manta su rubuta.

Kuɗin ruwa na iya cinye rana

Akwai ma'auni guda da ya ratsa duk hanyoyin nan. Tashar rana ko iska ba ta sayen mai, kusan duk kuɗinta a ranar gini ake kashe su, kuma bashi ne. Wanda ya ranci dala 1,000 na shekara 25 a kan ruwan kashi 4 cikin ɗari, zai riƙa biyan dala 64 a shekara. A kan kashi 12 kuwa, kusan dala 128. Ninki biyu cif. Ma'ana, ƙasa mai ranar da ta ninka ta Jamus, idan bankuna na ganinta da hatsarin da ya kai wannan, ta rasa duk fifikonta tun ba a loda komai ba. Shi ya sa Saudiyya da Ostireliya da Cile ke gaba a layi, ba don ranarsu ta fi ta kowa ba. Ga ƙasar da ake tsauwala wa ruwa, tabbacin mai saye mai ƙarfi ko na bankin raya ƙasashe ya fi ƙarin awannin rana amfani.

To wace za a ɗauka? Mai madatsar ruwa da maƙwabci mai buƙata a cikin nisan kilomita dubu ko dubu da ɗari biyar, waya ce tasa, babu ja. Ya dai tabbatar yarjejeniyar ta bar masa damar sayar wa na uku, ta sa lokacin sake duba farashi, ta kuma faɗi wanda za a fara yanke wa wuta a shekarar fari. Butan tana sayar wa Indiya da damina, amma da hunturu, idan koguna sun ja baya, ita ke saye. Mai rana ko iska kusa da babbar kasuwa, kamar Maroko da Sifaniya waɗanda waya ta haɗa tun 1997, ya ƙara layuka gajeru masu zuwa da dawowa, ɗaya bayan ɗaya, ya rabu da mafarkin igiya guda mai ratsa rabin duniya. Mai rana da tama ko tashar jirage mai kyau amma nesa da kowa, ya nemi ƙarfe da taki, kuma kada ya haƙa rami ɗaya sai mai saye ya sa hannu a kan farashi da shekaru. Haidurojin tsura a jirgi, a bar wa masu kuɗin gwaji tukuna.

Mai saye kuwa yana da zaɓi na huɗu, wanda a halin yanzu ya fi duk sauran ukun yaɗuwa a duniya: ya sayi na'urar, ba wutar ba. Sin ce ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na kowane mataki na ƙera faifan sola, abin da ya sa Amurka ke ta ɗora haraji tun 2012, kamfanonin Turai irin SolarWorld kuma suka durƙushe. Dogaro ne, ba shakka, amma ba irin na waya ba. Wanda ya sayar maka da faifai ba shi da maɓallin da zai kashe maka rana gobe, kuma faifan zai yi shekara ashirin da biyar ko fiye yana aiki. A 2024 kaɗai Fakistan ta shigo da faifan sola na kimanin megawat 17,000, yawanci 'yan kasuwa da manoma da masu gidaje ne suka saya don gudun tsadar wutar gwamnati. Ƙarfin da aka rubuta a jikinsu ya haura na madatsar Itaipu, ko da yake da rana kaɗai suke aiki. A kwantena suka shigo, ba tare da wata yarjejeniya tsakanin shugabanni ba.